Ranar da ka ajiye aiki, ranar katin asibitinka ke mutuwa

Ranar Talatar da ta wuce na raka kawuna asibiti, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

Kawu ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, wata biyu kenan da ajiyewarsa. Yana da hawan jini yana da suga, duk wata sai ya je ya ga likita, shekara da shekaru da katin inshorar ma'aikata yake zuwa, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ya kama hanyar gida. To ranar mun yi sammako, muna layi tun wajen ƙarfe bakwai, da muka iso taga ya ciro katin daga wata baƙar leda da yake naɗe takardunsa a ciki ya miƙa. Yarinyar da ke wajen ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta ɗago ta ce, "Baba a yi haƙuri, sunan nan ba ya ciki, an yi ritaya ne?" Ya ce, "An yi 'yata." Ta ce to ai shikenan an cire, sai dai a je a yanki kati na kuɗi.

Bai ce uffan ba. Ya maida katin cikin ledar ya naɗe ta yadda take. Mun ga likita da kuɗinmu, muka fito kemis ɗin bakin titi, da aka lissafa masa kuɗin maganin wata guda sai naji ya ce a ba shi na kwana goma, wai zai riƙa raba ƙwayar biyu, rabi yau rabi gobe, kafin fansho ta fara fitowa. Wallahi nan ne gabana ya faɗi. Mutumin da ya san illar wasa da maganin hawan jini fiye da ni, shi ne yake wannan lissafin.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Duk ma'aikacin da ya rage masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, ya zaɓi tsarin inshorar lafiyar da zai koma ya biya kuɗinsa tun yana karɓar albashi, kar ya bari sai an maido masa da kati a taga. Ita kuma gwamnati ba ta da hujjar sakin mutum a daidai shekarun da jiki yake fara neman asibiti, ya kamata katin ya bi shi cikin ritaya kamar yadda lambar fanshonsa take binsa. Amma kafin su gyara, wanda zai sha wahalar kai ne, don haka kai za ka fara motsawa.

Abin da yake ban mamaki, ma'aikaci zai yi wata shida yana zirga-zirga a kan fansho, ya je tantancewa, ya kai hoto, ya kai takardar ɗaukar aiki ta farko, ya zauna da kamfanin fansho su yi ta lissafin ko ya bar kuɗin a hannunsu suna ba shi wata-wata ko ya maida su kamfanin inshora a riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa. Duk wannan ana yi. Amma babu tebur ɗaya a cikin wannan zirga-zirgar da ake tambayarsa, malam, wane asibiti za ka riƙa zuwa, wa zai biya?

Kuma ba wai babu inda za a je ba ne. Tun 2005 aka fara tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maida shi hukumar NHIA, dokar ma cewa ta yi inshorar lafiya dole ce ga kowa. A ƙarƙashin hukumar akwai shirin GIFSHIP wanda mutum zai shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance, ya biya kuɗin shekara, kuma 'yan fansho suna cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Jihohi ma suna da nasu, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, haka Katsina da Jigawa da Gombe da Bauchi da Sakkwato kowa da tasa hukumar. Sai kuma asusun BHCPF da ke ɗaukar marasa ƙarfi kyauta a ƙananan asibitocin unguwa, sai kamfanoni masu zaman kansu ga mai hali. Ƙofofin kenan. Matsalar ba a nuna wa mutum su sai ya faɗi.

Na yi wannan maganar a majalisarmu da daddare, kuma na sha martani. Bari in bi su.

Ai inshora haramun ce

Wannan shi ne na farko da aka jefo min, kuma ban raina shi ba, mutum yana da gaskiya ya tsaya ya tambaya kafin ya sa kuɗinsa a abu. Amma malamai sun daɗe da raba inshora gida biyu. Akwai ta kasuwanci wadda kamfani yake sayar maka da alkawari don ya ci riba, ita ce ake da magana a kanta. Akwai kuma ta taimakekeniya, jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yi wannan rarrabewar tun 1985, ta hana ta farko ta halatta ta biyu. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin Ash'ariyawa, waɗanda in guzuri ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka.

Shi ya sa ma hukumomin jihohinmu da sunan taimakekeniya ake kiransu. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauki takardar tsarin ka kai wa malamin da ka yarda da shi ya duba. Wannan ya fi ka yanke hukunci da abin da ka ji a bakin shago.

'Ya'ya suna nan, za su yi

Nan ne nake so in daɗe, don nan ne mafi yawan iyayenmu suke fakewa, kuma mu 'ya'yan muna taya su.

Eh za su yi. Babu ɗan halak da zai ga mahaifinsa a kwance ya juya baya. Amma ku duba yadda ake yin. Ƙarfe ɗayan dare waya ta yi ƙara, Baba ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ba ya motsi. A buɗe zaure a WhatsApp, Yaya ya turo dubu hamsin, wannan ta ce sai ƙarshen wata, wancan yana bautar ƙasa, auta yana makaranta, a kira mijin wance a ji kunya a roƙe shi, a saida tunkiyar Hajiya, a ɗaga filin da aka ce na gado ne a sayar da shi rabin kuɗinsa saboda mai saye ya san a matse ake. Kowa a cikinmu ya ga wannan, wasu a gidansu aka yi. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma irin wannan daren ne ake nufi da wannan lissafin.

Abin da ba a faɗa shi ne, kafin wannan daren an yi wata takwas ko shekara Baba yana tsallake magani. Ba don ba shi da 'ya'ya ba. Don yana jin nauyinsu ne. Dattijon da ya saba shi yake bayarwa, ba zai iya ɗaga waya duk wata ya ce a turo kuɗin ƙwaya ba, yana ganin ɗan nasa da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Sai ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Kawu da na biya kuɗin maganin wata ɗaya ranar, har muka iso gida yana cewa "da ka bari ɗana, kai ma kana da naka." Wata mai zuwa na tabbata ba zai kira ni ba.

To in da gaske 'ya'ya za su yi, ga hanyar yi. Ku haɗa kuɗin shekara sau ɗaya ku yi masa rajista shi da Mama, ku miƙa musu kati. Ranar asibiti ya sa rigarsa ya tafi da mutuncinsa, ba sai ya roƙi kowa ba. GIFSHIP ya yarda wani ya biya wa wani, ko kana Legas ko kana Jidda za ka iya biya wa na gida. Wannan ma biyayya ce, kuma ta fi ta ƙarfe ɗayan dare sauƙi a kan kowa.

Ba sa ba da komai sai farasitamol

Wannan kam akwai gaskiya a ciki, ba zan kare abin da na gani da idona ba. Ka je a ce maganin ya ƙare ka fita waje ka saya. A tura ka wajen babban likita a ce sai an jira lambar amincewa daga kamfanin da ke tsakani, ka wuni a benci. Wani wajen ma da an ga katin inshora sai fuska ta canza, mai kuɗi a hannu ya wuce gabanka. Kuma akwai abubuwan da tsarin bai ɗauke gaba ɗaya ba, wankin ƙoda na dindindin ba ya ciki yadda mutane suke zato, manyan hotuna irin su MRI raba kuɗin ake yi da kai. Duk wanda ya ce maka kati zai ɗauke komai, bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma ku lura da irin ciwon da yake cin ɗan fansho. Ba tiyatar ƙasar waje ba ce. Awon jini ne duk wata, gwajin suga, ganin likita, amlodipine na hawan jini, metformin na suga, maganin gwiwa, matsalar fitsari irin ta dattawa, yanar ido, zazzaɓin da zai sa a ba shi gado kwana uku a yi ƙarin ruwa. Ƙananan abubuwa ne masu dawowa kullum, su ne suke tsotse fansho a hankali, kuma yawancinsu su ne tsarin ya fi ɗauka. Ko da rabin maganin ka samu a ciki ka sayi rabi a waje, ganin likitan da gwajin kaɗai sun isa su sa mutum ya ci gaba da zuwa, ba ya zauna a gida yana auna kansa da yadda yake ji ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama.

Kuma yawancin wannan ƙorafin a wajen zaɓen asibiti ake rage shi, shi ya sa nake cewa a yi abin tun da sauran lokaci. Kar ka zaɓi asibiti don sunansa. Je ka da ƙafarka ka tsaya a tagar 'yan inshora, ka tambayi dattawan da ke kan benci, ana samun magani a nan? Su ne za su faɗa maka gaskiya ba ma'aikacin ofis ba. Ka tafi da kwalayen magungunan da kake sha ka nuna, ka ce waɗannan suna cikin jerinku? In aka tura mutum wajen likitan zuciya ko na ido, ina ake tura shi, kwana nawa ake jira?

Sai babbar tambayar da mutane suke mantawa, a ina za ka zauna? Da yawa suna ajiye aiki a Abuja ko Kaduna su tattara su koma garinsu. In ka yi rajista da asibitin da ke kusa da tsohon ofishinka alhali kai za ka koma Malumfashi ko Azare, katin zai zama ado a aljihu, kuɗin mota kaɗai ya fi kuɗin maganin. Tsarin jiha galibi a cikin jihar yake aiki, in ka san zamanka a can ne, kuma asibitin da ke kusa da gidanka yana cikinsa, to shi ya fi maka. In kuwa kai mai yawo ne tsakanin gidajen 'ya'ya, wata uku nan wata biyu can, ka duba na tarayya, NHIA tana da ofis a kowace jiha.

Ka kuma ƙirga mutanen gidanka da kyau. Katin ma'aikata na tarayya mata ɗaya yake ɗauka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ranar da naka ya mutu nasu ma ya mutu. Mai mata biyu ko uku, mai ƙananan yara a shekara 60, kuma muna da su da yawa, lissafinsa daban ne. Abin da na fi gani shi ne maigida ya yi wa kansa ya manta da uwargida, alhali ita ma shekarun sun ja, ita ma tana da nata ciwon da take ɓoyewa.

Kamfanoni masu zaman kansu fa? In kana da hali bismillah, layinsu ya fi sauƙi. Amma ka karanta takardar da kyau, da yawansu suna tsawwala kuɗi in shekaru sun haura 60, wasu kuma ba sa ɗaukar ciwon da ka shigo da shi sai bayan wani lokaci. Ɗan fansho kuwa da ciwonsa yake zuwa.

Da wane kuɗin?

Wani dattijo a majalisar ya ce min, yaro kana magana kamar ba ka san ana shekara ba a biya garatuti ba. Na sani Baba. Shi ya sa ma na ce tun ana albashi. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akwai rami, wani watanni, wani ya fi shekara, kuma a cikin ramin nan ne mutane suke rushewa, ga tunani ga rashin magani. Sannan ko ka biya yau ba gobe katin zai fara aiki ba, akwai lokacin jira na makonni kafin sunanka ya isa asibiti. In ka biya wata uku kafin ka tafi, sabon yana tashi daidai lokacin da tsohon yake mutuwa.

In kuma kuɗin sallama sun fito, dan Allah a cire na lafiya kafin a taɓa komai. Na san akwai auren 'ya, akwai rufin ɗaki, akwai Umara da aka daɗe ana buri, akwai mai zuwa da labarin kasuwancin da zai ninka kuɗi. Ban hana kowa ba. Amma kuɗin inshorar shekara na mutum biyu bai kai kuɗin kayan ɗaki ɗaya ba, a ware na shekara biyu ko uku a ajiye a inda hannu ba zai kai ba.

Kuma ƙungiyoyin 'yan fansho, ku da kuke haɗuwa duk wata a kan maganar ariyas, me zai hana ku yi rajista a ƙungiyance? Mutum goma sun isa ƙungiya a GIFSHIP. Asibitin da ya san mutum ɗari biyu za su iya tashi su bar shi rana ɗaya, ba zai riƙa ce musu magani ya ƙare yadda yake ce wa mutum ɗaya ba. Mun iya adashe, mun iya gudummawar biki, wannan bai fi su wuya ba.

Masu cewa ni lafiyata ƙalau kuɗina zai tafi a banza, ba zan ja da ku ba. Allah ya ƙara lafiya. In shekara ta wuce ba ka je asibiti ba, kuɗinka ya yi wa wani magani, kai kuma ka samu abin da ya fi kuɗin.

Gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba

Haka ake cewa, wai tsofaffi sun fi kowa cin kuɗin magani, in aka bar su a ciki asusun zai karye. To ai dalilin yin asusun kenan. Mutum yana shekara 28 ba ya zuwa asibiti sai shekara-shekara, an rubuta shi a tsarin, a jihohi da dama ma ana yankar albashinsa duk wata. Ya yi shekara talatin yana cikin masu ɗaukar nauyin wasu. Ranar da nasa lokacin ya zo sai a ce ya fita? Wannan ba adalci ba ne ko ta wace fuska aka duba.

Kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba. Sojojinmu da suka yi ritaya suna da kulawar lafiya ta hannun DHML, kamfanin da ke kula da inshorar lafiyar sojoji. 'Yan'uwanmu da ke zango a Kumasi da Accra za su gaya maka a Ghana ɗan fanshon SSNIT, wato asusun fanshon ƙasar, da duk wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar ƙasa. Su ma suna kuka da ƙarancin magani, amma ba a maido wa tsoho katinsa don ya tsufa. Dokarmu ta 2022 da kanta ta sa tsofaffi cikin masu raunin da asusu na musamman zai ɗauka. Malamin firamaren da ya koyar da rabin garinsu, da nas ɗin da ta yi shekara 35 tana kwana a kan marasa lafiya, me ya sa su ba za a yi musu ba?

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A sa zaɓen inshora cikin takardun ajiye aiki, a teburin da ake tantance fansho a nan za a cike shi. A bar tsohon katin yana aiki har ranar da fanshon farko ya shiga asusun mutum. Daga nan a riƙa cire ɗan abu kaɗan daga fanshon wata-wata maimakon a nemi kuɗin shekara a dunƙule, masu ƙaramin fansho kuma gwamnati ta biya musu. Ƙungiyar ƙwadago da take zama da gwamnati a kan mafi ƙarancin albashi, ta sa wannan a takardar buƙatunta, don duk wanda ke cikinta yau gobe ɗan fansho ne.

Mu dai jiya mun zauna da 'ya'yan Kawu mun haɗa kuɗin, nasa da na matarsa. Ya ce shi garinsu zai koma bayan sallah, don haka ranar Litinin ƙaninsa zai je babban asibitin can ya tambayi mutanen kan benci, in ya dawo da labari mu san wanda za mu yi masa, na jiha ko na tarayya. Kafin katin ya fito mun raba watannin a tsakaninmu, kowa da watan da zai sayi magani ya kai har gida, kuma mun ce wa matar tasa ta riƙa ƙirga ƙwayoyin.